Yadda Ake Dawo da Sautin Tsohon Gem Cikin Kiɗan Zamani

Yawancin masu haɗa kiɗa, in suna son sautin tsohon gem, sai su ɗauko piyanonsu na kullum, su danna kod da yatsu biyar, su ɗora masa filogin (ƙaramar manhajar da ake jona wa ta haɗa kiɗa) mai daƙile sauti, wai shi ke nan an samu. Abin da ke fita kuwa ba ya kama da Mario ko gem ɗin tanka, ya fi kama da sifikar da ta fashe. Waɗancan na'urori tun daga tushe suke ƙera sautinsu, da muryoyi 'yan kaɗan da dokoki masu tsauri, kuma dabarun da masu tsara kiɗan lokacin suka ƙirƙiro don kewaye dokokin su ne kunnenmu ya haddace. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka ɗaure kanka da waɗannan dokoki da gangan, duk da cewa kwamfutarka tana iya abin da ya ninka haka sau dubu.

Na'urar da za mu bi ita ce Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, ta shiga Amurka da sunan NES a 1985. Na zaɓe ta ne don ita muka fi sani, ko da ba da sunanta ba. Gem ɗin nan da ake jona wa talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa cewa wasa dubbai ne a ciki alhali biyar ne ake ta maimaitawa, kwaikwayonta ne.

Fara da sanin muryoyin nan biyar

Sautin yana fitowa ne daga cip ɗin Ricoh 2A03, wanda shi ne kuma ƙwaƙwalwar na'urar baki ɗaya. Muryoyi biyar gare shi, kowacce not ɗaya tak, wato sautin maɓallin piyano guda, take iya fitarwa a lokaci guda.

Biyu na farko tagwaye ne, manhajoji suna rubuta musu Pulse. Igiyar sautinsu murabba'i ce, wato wuta ce ake kunnawa ana kashewa da sauri. Kowacce tana da matakan ƙarfi 16, daga 0 zuwa 15, da faɗin igiya iri huɗu: kashi 12.5, 25, 50 da 75 cikin ɗari. Na 50 yana da rami a ciki kamar sarewa, na 25 ya fi haske da cika, na 12.5 siriri ne mai fita ta hanci, dangin algaita. Na 75 kuwa na 25 ne aka kifa, kunne ba ya bambanta su, don haka a aikace launi uku gare ka.

Ta uku alwatika ce, ita ke riƙe bes. Ba ta da makunnin ƙarfi sam: ko dai tana magana da cikakkiyar murya ko ta yi shiru. Kuma ba sumul take ba, hawa 16 take yi ta sauko 16 kamar matakala, abin da ke ba ta ɗan zizar nan da ake ji a ƙarƙashin kaurinta. Ta huɗu ita ce muryar shuu, irin ƙarar talabijin da babu tasha, da matakan kaifi 16 da wani yanayi na biyu mai amon ƙarfe. Da ita ake yin ganguna da fashewar bam. Ta biyar, DPCM, tana kunna gajeren sautin da aka naɗa, cikin inganci mai rauni ƙwarai. Wasanni da dama ba su ma taɓa ta ba, saboda gurbin kaset yana da tsada.

Duk waɗannan ta waya ɗaya suke fita, babu hagu babu dama, babu ribab (amon ɗaki), babu dile (maimaicin sauti irin na amsa-kuwwa).

Kayan aiki

Hanya biyu ce. Ta farko, ka yi aiki da manhajar da ke kwaikwayon cip ɗin kansa, wadda ba za ta bar ka ka karya doka ba ko ka so. FamiStudio kyauta ce, tana hawa Windows da Mac da Linux, har da wayar Android, kuma allonta na jera not ya yi kama da wanda ka saba da shi a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. FamiTracker ta girme ta, amma jadawalin lambobi ne ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa, sai an yi haƙuri kafin ido ya saba. Furnace ma kyauta ce, ita kuma tana ɗauke da cip na na'urori masu yawa.

Hanya ta biyu, ka zauna cikin FL Studio ko duk manhajar da kake aiki da ita, ka sa filogin. Magical 8bit Plug kyauta ne, yana da faɗin igiya ukun nan da alwatika mai matakala da shuu. Ko 3xOsc da ke zuwa da FL Studio zai ba ka murabba'i na 50 da alwatika da shuu, sai dai ka kashe biyu daga injinansa uku ka bar ɗaya.

Ni shawarata ka fara da FamiStudio ko da na ɗan lokaci ne, ka gama gajeren kiɗa guda a ciki. Wanda ya taɓa jin takurar muryoyi biyar a jikinsa, in ya koma FL Studio hannunsa da kansa zai riƙa ja da baya. In kuwa kai tsaye za ka tafi hanya ta biyu, buɗe layi biyar kacal, ka sa wa kowanne sunan muryarsa, ka shiga saitin kowane layi ka kunna Mono don kada not biyu su taɓa hawa kan juna. Ko jelar not ɗin baya ba a yarda ta shiga cikin na gaba ba.

Saita tempo da agogon na'urar

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma rabin sirrin yana nan. Na'urar tana sabunta hoton talabijin sau 60 a daƙiƙa, kuma a daidai wannan lokacin ne shirin kiɗan ke samun damar taɓa sauti. Kusan kowane canji, na ƙarfi ne ko na kaifi, yana faruwa ne a kan waɗannan gaɓoɓi da ake kira firem, kowanne kusan milisakan 17. Tsakanin firem da firem kusan babu abin da ke motsi. Shi ya sa sautin yake tafiya tsalle-tsalle, ba ya zamewa sumul.

Lissafin mai sauƙi ne. Minti ɗaya firem 3,600 ne. In kowane bugu ya kasu gida huɗu, kowane gida kuma ya ci firem 6, ka samu tempo 150. In gida ya ci firem 8, tempo 112.5 ke nan. Firem 9 ya ba da 100. Firem 10 ya ba da 90. Zaɓi ɗaya daga cikinsu. FL Studio tana karɓar 112.5 ba gardama. In kiɗanka mai tafiyar uku-uku ne irin na kalangu, raba bugu gida shida, kowane gida firem 6, ka faɗa kan 100 cif.

Ga wani abin daɗi ga mai FL Studio: a tempo 150, in ka sa maganaɗisun allon jera not a kan 1/6 step, kowane ɗan gida da ka gani firem ɗaya ne daidai. A 112.5 kuma, 1/4 step firem biyu ne. Da haka za ka iya zana komai da hannu yadda na'urar za ta yi shi. Idan kana zana layin otomeshan, wato layin da ke sauya ƙarfi ko kaifi da kansa yayin da kiɗa ke tafiya, danna dama a kan ɗigon ka zaɓi Hold, don layin ya tsaya cak har sai ɗigo na gaba, maimakon ya gangara a hankali.

A ƙasashe masu talabijin na tsarin PAL, irin Najeriya da yawancin Turai, sau 50 ne a daƙiƙa. Wasan da aka tsara wa 60 in ya hau na'urar 50, kiɗansa yakan rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, 150 ta koma 125. In ka saurari kiɗan wani tsohon gem a intanet ka ji kamar yana gaggawa fiye da yadda ka san shi, wataƙila dalilin ke nan.

Muryar gaba

Ɗauki Pulse ta farko ka rubuta karinka. Ka yi shi gajere mai kama kunne, wanda yaro zai iya yi da fito, domin babu wani kayan ado da zai rufa masa asiri. In karin bai yi daɗi tsirara ba, gyara shi tun yanzu.

Yanzu sai ka ba kowane not rai, kuma abubuwa uku ne a hannunka. Na farko jerin ƙarfi, lamba ɗaya ga kowane firem. Gwada wannan don sauti mai kama da tsinkar gurmi: 15, 12, 10, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 1, 0. Don murya mai ja kamar busa kuma: 8, 11, 13, 12, 12, 11, sai ta zauna a 10 har a saki not ɗin. FamiStudio tana da gurin zana wannan a jikin kowane kayan kiɗa, Magical 8bit Plug na biyu ma yana karɓar jerin lambobi. Kada ka bar muryar gaba a 15 koyaushe. Zauna tsakanin 8 da 12, don in ka zo inda kake son jaddadawa ka samu sararin hawa.

Na biyu shi ne sauya faɗin igiya a cikin not ɗaya. Sa firem na farko a 50, sauran duka a 25, ka saurara: wani ɗan "tak" zai bayyana a bakin kowane not, kamar an tsinke shi da farce. Juya shi, ka fara da 12.5 na firem biyu ka koma 50, sai ya zama kamar harshe ya taɓa bakin sarewa. Abu ne ƙarami, amma shi ke raba wanda ya san aikin da wanda ya danna firiset ya tafi.

Na uku rawar murya. Kada ta fara tare da not. Bari ya tsaya miƙe na firem 12 zuwa 18, sannan rawar ta shigo, ƙasa da rabin tazarar maɓallin piyano ɗaya, tana kaiwa da komowa sau biyar ko shida a daƙiƙa. A kan dogayen not kawai za ka sa ta. Za ka kuma iya shiga not daga ƙasa: fara da maɓalli ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa ka haura cikin firem uku. Wannan ya dace da yadda mawaƙanmu ke jan murya, kuma in karin naka na Hausa ne, shi zai hana shi zama kamar ƙarar agogo.

A cip na gaske, not ɗin da suka yi sama sosai ba sa zama daidai. Na'urar tana samun kaifi ne ta raba gudun agogonta da cikakkiyar lamba, to can sama lambobin sun yi ƙanƙanta har babu wadda ta faɗa daidai kan not ɗin da ake nema. FamiStudio za ta yi maka wannan da kanta. A filogin kuwa komai daidai yake fita, don haka in kana son ɗanɗanon, karkatar da not na can ƙololuwa kaɗan da hannu. Kaɗan fa.

Sannan akwai batun na'urorin kwaikwayo. Da yawa daga cikinsu an ƙera cip ɗinsu da faɗin 25 da na 50 a musanye, ta yadda inda mai kiɗan ya nufi ɗaya sai ɗayan ya fito. Wanda ya taso da irin wannan na'ura, sautin da ke kansa ba shi ne ainihin wanda aka tsara a Japan ba. In ka yi komai daidai amma zuciyarka ta ce da saura, musanya su ka ji.

Tagwaiyar murya: amsa-kuwwa da kod na dabara

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Da yake babu dile, sai aka riƙa yin sa da hannu. Kwafi karin Pulse ta farko gaba ɗaya ka zuba wa ta biyu, ka tura shi baya da gida uku, ka rage ƙarfinsa zuwa kashi ɗaya cikin uku: in ta farko tana 12, ta biyu ta zauna a 4. Ka ɗan karkatar da kaifinta ƙiris. Nan take ɗakin zai buɗe. Gida uku ya fi biyu ko huɗu daɗi a kunnena, domin amsar tana faɗawa ne a tsakanin bugu, ba a kansa ba.

Amma ka sani ka sayar da murya guda sukutum don wannan. In kana bukatar ta biyu ta yi wani aiki, akwai amsa-kuwwar murya ɗaya: duk inda karin ya bar gurbi, cusa maimaicin not ɗin da ya wuce da ƙarfi 3 ko 4. Kunne zai ɗauka daga nesa yake dawowa.

Kod kuma fa, tunda murya ɗaya ba ta iya not uku tare? Sai a jera su ɗaya bayan ɗaya da gudun da kunne ba zai iya rarrabewa ba. Ana ƙirgawa da maɓallan piyano, fari da baƙi duka. Not na tushe shi ne 0. Jerin 0, 4, 7 yana ba da kod mai fara'a, 0, 3, 7 mai sanyin jiki. Kowanne ya ci firem ɗaya, a yi ta juyawa har ƙarshen not. Sakamakon shi ne ƙarar "brrr" ɗin nan mai kyarma da kowa ya sani. Masu tsara kiɗa na Turai, waɗanda suka taso a kan kwamfutar Commodore 64 mai murya uku, su suka fi cin moriyar wannan dabara. Na Japan sun fi son tagwayen su yi tafiya tare, ɗaya na bin ɗaya a tazarar maɓalli uku ko huɗu. Saboda haka zaɓinka a nan yana nuna makarantar da kake bi.

Firem ɗaya-ɗaya yana da kaushi. Firem biyu ga kowane not ya fi laushi, kuma ana jin kod ɗin sosai. Ga karin Hausa mai tafiya kan sauti biyar, na fi son 0, 7, 12 ko 0, 5, 7, domin ba sa tilasta wa waƙar ta zama mai fara'a ko mai baƙin ciki irin na kiɗan Turawa, suna barin ta a inda take. Rage ƙarfin wannan layi zuwa 5 ko 6. Yana saurin gajiyar da kunne, don haka kada ya kwana yana yi daga farko har ƙarshe.

Bes da ganguna

Alwatika ba ta da ƙarfi da rauni, don haka duk fasaharta a tsawon not take. Yanke su gajeru, ka bar shiru na firem biyu ko uku kafin na gaba, sai bes ɗin ya riƙa tsalle. In ka bar su a manne, gunji kawai za ka ji. Tsalle tsakanin not da ɗan'uwansa na maɓalli 12 a sama ya zama ruwan dare a wasannin lokacin, kuma har yau yana aiki.

In 3xOsc kake amfani da shi, alwatikarsa ta yi tsabta da yawa. Nan ne kaɗai filogin mai daƙile sauti yake da amfani: ɗora shi a kan wannan layin shi kaɗai, ka sa shi a bit 4, ka tabbatar sautin yana shiga cikinsa da cikakken ƙarfi, sannan ka rage daga bayansa. Matakalar nan 16 za ta fito.

Kik ɗin ma, wato bugun babbar ganga, daga alwatika ake sato shi. A farkon not ɗin bes da ya faɗo kan bugu, fara da maɓalli 24 a sama, ka faɗo cikin firem uku ko huɗu, misali 24, 15, 7, 0, sai bes ya ci gaba da abinsa. Kunne zai ji "dum" sannan ya ji bes, ya ɗauka abu biyu ne. Ka ja faɗowar ta kai firem takwas daga wuri mafi tsayi, ka samu tom. Ka juya ta, not ya fara ƙasa ya haura maɓalli uku ko huɗu cikin firem shida, sai ka ji wani abu mai kama da kalangu lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya a hammata.

Muryar shuu ita ke da sauran. Haihat, wato faifan ƙarfen ganga: kaifi na can sama, ƙarfi 6, 3, 0, ya ƙare. Wanda aka buɗe: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 1. Sineya, wato ƙaramar ganga mai kaifi: kaifi na tsakiya, ƙarfi 15, 13, 10, 8, 6, 4, 2, 1, kuma firem na farko ya fi sauran kauri da mataki biyu ko uku don ya samu duka. In ka haɗa wannan da ɗan gajeren faɗowar alwatika a lokaci guda, sineyar za ta yi jiki. Yanayin ƙarfen nan kuwa, firem ɗaya ko biyu nasa yana ba da wani "kin" mai kama da an taɓa ƙararrawa.

Doka dai tana nan: haihat da sineya ba sa fita tare, tunda maƙogwaro ɗaya suke rabawa. Abin kamar motar haya ce mai kujera huɗu, in fasinja zai shiga sai wani ya sauka. A wasan gaske ma haka ake yi, in ɗan wasa ya yi tsalle ko ya harba bindiga, sai a ƙwace murya ɗaya daga kiɗan na ɗan lokaci a ba ƙarar. Kana iya kwaikwayon wannan da gangan: a ƙarshen wani layi, katse Pulse ta biyu, ka sa ta zame daga ƙasa zuwa sama cikin firem goma, sannan ta koma bakin aikinta.

Sa kalangu cikin murya ta biyar

DPCM tana adana sauti ne da bit ɗaya: a kowane mataki abin da take faɗa kawai shi ne "hau kaɗan" ko "sauka kaɗan". Gudunta mafi girma kusan mataki 33,000 ne a daƙiƙa, mafi ƙanƙanta kusan 4,200, kuma sauti ɗaya ba ya kai daƙiƙa guda cikakkiya a babban gudun. Ba ta iya bin sauti mai kaifi, sai ta dusashe shi ta ƙara masa ƙura. Abu mai kauri kuwa tana riƙe shi da kyau, shi ya sa kamfanin Sunsoft ya yi suna da zuba bes a cikinta a wasanni irin Journey to Silius na 1990.

Naɗi bugun kalangu ɗaya, ko na kotso, ko tafi. Mayar da shi mono, yanke shi ƙasa da rubu'in daƙiƙa, ka datse duk shirun da ke gabansa, ka ɗaga ƙarfinsa har ya kusa cika. Jefa shi cikin FamiStudio, ita za ta juya shi. Gudu 16 kawai ake da su, kuma ba a jere suke da maɓallan piyano ba, don haka in kana son kaifi uku na ganga, gara ka naɗi bugu uku daban. Abin da zai fito zai yi kamar daga cikin tsohuwar rediyo, kuma haka ake so.

Haɗa shi da kiɗan yau

In a FamiStudio ka yi aikin, fitar da kowace murya a fayil ɗinta na WAV, akwai zaɓin haka a wurin fitarwa. Shigo da su FL Studio a tempo ɗaya da wanda ka yi aiki da shi.

Daga nan sai ka yanke shawara. In tsantsar tsohon sauti kake so, tara su duka a tsakiya, ka yanke abin da ke ƙasa da Hz 90 da abin da ke sama da Hz 14,000 (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), wanda kusan haka da'irar NES ɗin kanta take yi, ka tsaya nan. In kuwa waƙa ce ta zamani da mawaƙi a kai, to an sassauta maka, amma da sharaɗi: cip ɗin ya ci gaba da bin dokokinsa a cikin gidansa, kayan zamani su kewaye shi daga waje. Kik na zamani da bes mai zurfi su riƙe ƙasa, ka yanke ƙasan alwatika daga wajen 100 don kada su yi karo, ka bar zizarta a sama. Tagwayen kana iya raba su kaɗan, ɗaya hagu ɗaya dama. Ribab in za ka sa, ɗan gajere, a kan muryar gaba kaɗai. Da ka jiƙa su duka da ribab, kaifin gefen nan da ya sa aka gane su ya tafi.

Babbar matsalar ita ce murya. Igiyar murabba'i tana da ƙarfi tsakanin Hz 2,000 da 4,000, daidai inda muryar mawaƙi take fitowa fili, balle muryar mace da aka sa wa otatun, filogin mai daidaita murya. Rage wurin da desibel biyu ko uku yana taimakawa, amma maganin gaske a tsari yake: kada su yi magana tare. Ba wa Pulse aikin 'yan amshi. Mawaƙi ya ja baitinsa, cip ya yi shiru ko ya koma kod mai rauni a baya. Da ya sauke, cip ya amsa da gajeren kari. Tsarin waƙarmu dama a kan haka aka gina shi, don haka ba sai ka tilasta komai ba.

Gwada miksin ɗin a sifikar waya kafin ka sallame shi, tunda a nan yawancin mutane za su ji shi. Faɗin 12.5 da ya yi daɗi a manyan sifikun situdiyo yana iya zama allura a waya. In haka ta faru, sauko da karin maɓalli 12 ko ka koma 25.

Ka kuma kiyaye: siffar igiya ba ta kowa ba ce, amma karin waƙoƙin wasannin nan mallakar kamfanoninsu ne, haka ma ƙararrakin da aka ciro kai tsaye daga cikin wasa. Ƙera naka da dabarun da ke sama, kada ka wayi gari an sauke maka waƙa daga YouTube.

In wata na'urar ce a ranka

Game Boy ta 1989 'yar uwa ce ta kusa: Pulse biyu da shuu, sai dai a madadin alwatika tana da muryar da kai za ka zana siffarta da ɗigo 32, kowanne a mataki 16, kuma kowace murya tana iya zama hagu, dama ko tsakiya, babu rabi-rabi. Kusan duk abin da aka faɗa a sama yana aiki a kanta.

Sega Mega Drive ta 1988 kuwa wata duniya ce. Cip ɗinta Yamaha YM2612 ne, murya shida, kowacce da injin huɗu da ke murɗa juna, tsarin da ake kira FM. Don bes ɗinta mai amon ƙarfe, buɗe filogin Sytrus ko Dexed, ka ɗauki injin biyu kacal a kaifi ɗaya, na biyu yana murɗa na farko. Sa na biyun ya fara da ƙarfi ya faɗi cikin kusan milisakan 150, na farkon ya daɗe. Ƙara wa na biyun ɗan fidbak har sai ka ji ya fara gurnani. Gangunanta naɗaɗɗu ne masu bit 8 da ake kunnawa ta murya ta shida, don haka a nan daƙile kik da sineya halas ne. Super Nintendo ta 1990 kuma murya takwas ce ta naɗaɗɗun sauti, amma duka kiɗan da kayansa sai sun shiga cikin kilobait 64. Ɗauki ɗan guntun goge ko sarewa wanda bai kai rabin daƙiƙa ba, ka sa tsakiyarsa ta riƙa maimaita kanta, ka yanke samansa daga wajen 8,000, sannan ka ɗora masa gajeren dile mai dusasshiyar amsa, wanda ita na'urar tana da shi a jikinta.